Wuƙar Ƙaho da Tunkiyar Inna

Mijina yana da wuƙaƙe goma sha huɗu, amma wadda nake girki da ita ko tumatir ba ta yankawa sai na danna da ƙarfi ya fashe. Nasa duk ƙanana ne, irin masu naɗewa a jefa a aljihu. Yana ajiye su cikin wani tsohon gwangwanin alewa, kowace a naɗe da ƙyallen atamfa, gwangwanin kuma yana can saman kwaba inda hannun yara ba ya kaiwa. Sau ɗaya tak na taɓa ɗaukar ɗaya ba da saninsa ba, ranar wata Juma'a da tunkiyata ke mutuwa, nake neman wanda zai yanka ta kafin ta zama mushe. Shekara bakwai ke nan, kuma har yau in abin ya faɗo mini a rai zama gagarata yake yi.

Sana'ar Malam, haka nake kiran mijin nawa, renon dashen itatuwa ce. Yana yi wa mangwaro aure, wato ya yanko reshen mai daɗi ya haɗa a jikin na gargajiya ya ɗaure, in ya kama ya kai wa masu lambu a bakin dam ɗin Zobe. Aikin yana son 'yar wuƙa mai kaifi ƙwarai. Guda ɗaya ta isa, ko biyu in mutum mai yawan mantuwa ne. Shi kuwa daga ta farko abin ya zame masa ciwo. Akwai wadda wani alhaji ya yi masa tsaraba daga Makka, mai jar ƙota, da ɗan almakashi da mabuɗin gwangwani a cikinta. Akwai ta Maraɗi mai ƙotar katako. Akwai wadda ya tsinto wurin 'yan gwanjo, tsininta ma a karye yake, wai ƙarar rufewarta ce ta burge shi. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma, ya jera su, ya goge kowace da man keken ɗinkina, wanda ba ya taɓa sayo mini wani in ya ƙare. Ya kai ɗaya saitin kunne ya rufe ta a hankali.

"Ji wanga sauti," zai ce mini. "Kin ji ƙarfen kirki."

"Na ji, Malam. Tuwon ma na kirki ne, kuma yana hucewa."

Wadda ya fi ji da ita ita ce ƙaramar cikinsu. Wani tsohon maƙeri ne a Kurfi ya yi ta, ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. An ce kaɗan ya ƙera irinta, don mutane fartanya da lauje suke zuwa nema wurinsa, wannan kuwa sai in ya sami sarari yake yi don jin daɗin kansa. In an naɗe ta ba ta wuce tsawon yatsana na tsakiya ba. Ƙotar ta baƙin ƙahon bijimi ce, an goge ta har tana sheƙi, da ƙusoshin tagulla uku. Ruwan wuƙar daga tsohon zarto aka fitar da shi, da ɗan gurbi inda za ka sa farce ka jawo. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne wani ɗan zoben ƙarfe a wuyanta. In ka buɗe ta ka murza zoben, ruwan ba ya komowa ya datse maka yatsa ko da me kake yanka. Wani ma'aikacin jami'a a Dutsin-Ma, mai irin ciwon Malam, ya yi tattaki har gidanmu sau biyu a kanta. Ya juya ta, ya ɗauke ta hoto da waya, ya roƙa, ya sake roƙo. Malam ya ba shi fura ya sha, ya raka shi bakin hanya, wuƙa ta koma gwangwani.

Lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye a ƙasar Kurfi, wajen Ɗantutture, gidajen ba su kai goma sha biyar ba. Da aka yi aurena Inna, mahaifiyata, ta ba ni tunkiya, ta ce mace ba ta zama gidan miji ba ta da abin ɗaurewa a turke. Tunkiyar ta hayayyafa, na sayar, na yi hidima, cuta ta ɗauki wasu. A shekarar da nake magana saura guda ɗaya, jikar ta farkon, fara mai baƙin kunne ɗaya. Inna kuwa ta rasu a daminar wannan shekarar. Ba na son in yi ƙarya in ce ina ganin Inna a jikin dabba, amma ita kaɗai ce abin da ya rage mini daga hannunta mai numfashi, kuma ina sonta fiye da yadda ya kamata a so tunkiya.

An gama girbin dawa, sai ga ruwan sama na ƙarshe ya sauko ba zato. Kututturen dawa suka sake tohowa. Kowa a wajenmu ya san gyauron dawa, ɗanyen ganyen nan mai ban sha'awa da ke kashe dabba in ta ci da yawa. Don haka tunkiyar a ɗaure take. Ina can bayan ɗaki ina wanki ta tsinke igiya, ban ji ba, ban gani ba. Da kanta ta dawo gab da azahar, tana tangaɗi, cikinta ya taso gefe guda kamar an kifa ƙwarya, kumfa na zuba a bakinta. Tana isowa bakin turkenta ta zube.

Na ƙwala wa faccalata kira, matar wan Malam, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ta fi ni sanin dabbobi. Muka ɗura wa tunkiyar man gyaɗa, muka jiƙa kanwa muka ɗura, rabi na shiga rabi na dawowa ta hanci. Faccalata ta danna cikin, ta buɗe idon ta duba, ta goge hannu a zane.

"Wagga ba ta tashi," ta ce. "A nemo mai yanka tun da sauran rai."

Ban tsaya kuka ba. Mutuwarta kam na ga ba makawa. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne ta mutu ba yanka. In an yanka ta za a feɗe, a raba wa maƙwabta, in ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin Inna. In ta zama mushe kuwa igiya za a ɗaura mata a ƙafa a ja ta daji, karnuka da ungulaye su gama da ita.

To amma Juma'a ce. Ƙauyenmu ba masallacin Juma'a, mazan duk sun hau babura, uku-uku, sun tafi babban gari, har yara maza sun maƙale sun bi su. Na kira wayar Malam ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, na sake, a na huɗu aka ce a kashe take. Na san yana zaune a sahu ana huɗuba, ya ji aljihu na motsi ya danne. Na ce to, bari dai a shirya wuƙa, duk namijin da Allah ya jefo kada a tsaya nema. Babbar wuƙar yanka ta gidan tana ɗakin wan Malam, ɗakin a kulle, mabuɗi ya tafi masallaci. Ta girkina kuwa azabtar da ita kawai za a yi.

Na jawo turmi na kifa, na hau, na sauko da gwangwanin alewa. Ban yi wani tunani ba wajen zaɓe. Na sha ganin Malam yana gwada ta ƙahon a gashin hannunsa, yana zuba kamar an share. Na warware ƙyallen, na sa farce a gurbin na jawo, na murza zoben kamar yadda na ga yana yi sau ɗari. Na dawo na durƙusa, na ɗora kan tunkiyar a cinyata, na shafa wuyanta inda jijiya ke bugawa.

"Ke! Mi za ki yi?" faccalata ta riƙe mini hannu. "Mace ba ta yanka. Da hannunki za ki maishe ta mushe?"

"Na sani, Yaya. Shiryawa kawai nake."

Kuma da gaske nake, na sani. Tun ina ƙarama ko kaza za a ci, sai an riƙo ta a fuka-fuki an kai zaure an nemi namiji. In ba kowa a jira. Na ga Inna ta fasa miyar kaza saboda haka, ta yi miyar kuka da daddawa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ajiye kanta a ƙasa na fita da gudu zuwa bakin hanya, ko takalmi ban sa ba. Rana ta take, hanya fayau. Na tsaya, na kasa tsayuwa, na yi gabas kaɗan, na dawo, na hau wani tudu na leƙa. Can sai ga ƙarar babur. Na shiga tsakiyar hanya ina ɗaga hannu ina kiran "Malam! Bawan Allah!" Ya rage gudu, ya dube ni, sai ya kauce ta gefen gona ya ƙara wuta. Na bi shi da zagin da ba zan rubuta a nan ba. Sai da ya ɓace na lura da hannun da nake ɗagawa, wuƙa buɗe tana walƙiya. A wannan zamanin, a wannan hanyar, ko ni ce a kan babur ɗin ba zan tsaya ba.

Na koma gida a guje. Tana nan da rai, numfashin ya koma sama-sama, ƙafar baya na shure ƙasa. Mata sun taru, kowa na faɗin tata. Wata ta ce a ƙara kanwa, wata ta ce a tsaya kawai a yi addu'a. Sai faccalata ta tafa hannu.

"Kawu! Ai Kawu yana gida."

Kawun mazajenmu ne, tsoho tukuf, gidansa shi ne na ƙarshe, hayin wani ɗan kwazazzabo. Ya daina zuwa Juma'a tun da ƙafafunsa suka mutu. Na sake zubawa da gudu, na gangara kwazazzabon na haura, ƙaya na shiga ƙafata ina ji ban tsaya ba. Na same shi kishingiɗe a zaure, carbi na karkarwa a hannunsa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na faɗa masa.

Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mini yadda suke rawa.

"Ɗiyata, ni da ba ni iya kai ludayi baki sai rabi ya zube? Kuma ba ni iya tahiya." Ya ajiye carbin. "To ki kawo mani ita nan. Ki kama hannuna ki ɗora bisa wuƙar, in yi bisimilla, mu ja tare."

Wallahi a lokacin na ji kamar ya ba ni duniya. Na juya na koma.

Muka jawo baron Malam na ɗibar taki, taya ba iska, ya ƙi gaba ya ƙi baya cikin yashi. Muka watsar. Aka kawo buhu aka shimfiɗa, muka mirgina ta a kai, mu huɗu kowa ta kama kusurwa. Tunkiya mai kumburi nauyi gare ta kamar buhun gero. Mu yi taku goma mu ajiye, mu sake ɗauka. Ni ce a wajen kai, wuƙar na damƙe a hannu ɗaya tare da bakin buhun, don na kasa yarda in naɗe ta, gani nake buɗewar ma ɓata lokaci ce. Ina ta faɗa wa matan su yi sauri, har na yi wa wata dattijuwa tsawa wadda a ranar lafiya ko ido ba na haɗawa da ita.

Mun gangara kwazazzabon lafiya. A hawan ne buhun ya suɓuce wa ta baya, muka dire ta a kan yashi don mu gyara riƙo. Ta shure sau biyu, ta miƙe ƙafafu, wuyan ya saki. Faccalata ta sa yatsa ta taɓa ƙwayar idon, bai ƙifta ba.

"Ta tahi," ta ce. "Sai haƙuri."

Daga inda muke ina hango ƙafafun Kawu a bakin zaure. Ya jawo jiki ya fito yana jiranmu.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa da tukunya a wuta. Har na ji ƙarar babura sun dawo. Aka faɗa wa Malam, ya gangaro da farar rigarsa ta Juma'a. Ya dubi tunkiyar, ya dube ni, ya dubi hannuna. Na zaci faɗa zai yi a kan wuƙarsa, kuma na shirya masa, don ina neman wanda zan sauke wa abin da ke cikina. Bai yi ba. Ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya zare ta, ya murza zoben, ya naɗe ya sa a aljihu. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Can ya ce, "Allah ya maida alheri."

Shi da wansa suka ɗaura mata igiya a ƙafar baya suka ja. Na bi su da kallo, kanta na bugun kunyoyin gona ɗaya bayan ɗaya, har suka shige cikin sabara. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Daga baya na raba laifin yadda ya yi mini daɗi: kaso ga mazan da suka kwashe kaf ba su bar ko ɗaya ba, kaso ga mai babur, kaso ga tayar baro, kaso mafi girma ga wanda ya kashe waya. Na sha goranta masa, ko a kan wani abu daban muke faɗa sai na jawo Juma'ar nan. Bai taɓa ramawa ba.

Bayan shekara uku muka dawo Dutsin-Ma da zama. Bana na shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarmu, ta yamma. Wata Talata malamarmu tana karantar da babin yanka, inda ake yankewa da abin da ake faɗa. Wata 'yar yarinya amarya a sahun gaba ta ɗaga hannu ta ce maigidanta matafiyi ne, in tana son kaza sai ta yi ta leƙen ƙofa.

"Mi ya hana ki yanka da kanki?" in ji malama. "Yankan mace halal ne. In dai ta ambaci sunan Allah, wuƙa na da kaifi, ta yanke inda ake yankewa, shi ke nan. Al'ada ce kawai ta sa muke jiran maza."

Aji ya ɗauki surutu, wasu na dariya, wata na cewa ita dai tsoron jini take. Malama ta buga allo ta wuce babi na gaba. Ni kuwa na ji hijabina ya yi mini zafi. Na gyara zama, na sake gyarawa, na miƙe na fita ban nemi izini ba, littafina ma a can na bar shi. Masu keke-napep na tsayawa suna tambaya ko tafiya ce, ban kula kowa ba. Da ƙafa na taho, ina sauri kamar akwai abin da zan tarar.

Na sami Malam a tsakar gida cikin ledojin dashensa, yana ɗaure wani reshe. Ban cire hijabi ba na tsaya a kansa.

"Malam, yankan mace ya halatta?"

Bai ɗago ba. "Ya halatta."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina makarantar allo aka biya mamu."

"Ranar nan, a kwazazzabo, ka sani?"

Sai a lokacin ya ajiye reshen. Ya gane ranar da nake nufi, bai yi kamar ya manta ba.

"Na sani," ya ce. "Na iske ki zaune cikin yashi, ƙafarki duk jini, wuƙa buɗe a hannunki. Ta riga ta mutu. In ce maki mi? In ce da kin ja da kanki da an ci? Na ga gara ki ji haushina da ki ji naki."

"Shekara bakwai, Malam. Da wata ta sake kwantawa fa?"

Ya dubi ƙasa. "Ba ki sake ɗaure komi a turke ba," ya ce. "Sai na ga ba dalilin tayar da maganar."

Gaskiya ya faɗa. Ban sake kiwo ba tun daga ranar, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ba. Na so in yi masa ihu. Na shiga ɗaki, na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Duk mutanen da na raba wa laifi sun kuɓuce mini a yamma ɗaya, har shi. Na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba a wancan lokacin. Shi kuma ya bar aikin ya zauna nesa kaɗan, bai ce in yi haƙuri ba, har aka kira magariba.